Darasi: Ƙara wa Akori-kura Fitila da Gano Matsalar Waya

Duk wanda ya saba tafiyar dare ya san motocin. Hilux ce shaƙe da buhuna da jarkoki, an jera mata fitilu biyu ko huɗu a kan bamba, a samanta kuma doguwar sandar LED. Ba ƙawa kaɗai masu su ke nema ba. Direban da zai ratsa dajin Falgore bayan isha'i, ko ya hau tsaunin Mambila zuwa Gembu, ko ya fita daga Agadas ya doshi Dirku inda babu kwalta, yana so ya hango rami ko dabba tun da sauran tazarar taka birki. Fitilar da kamfani ya sa wa motar takan yi masa kaɗan.

Ɗaura fitilun ba ya cin awa guda. Rigimar sai bayan kwana biyu take tashi, lokacin da motar ta dawo gareji direban yana ƙorafi: "Oga, tun da aka sa fitilun nan fiyus ke ta ƙonewa." Wani ya ce fitilarsa ta asali ta dushe, wani ya wayi gari batir ya mutu, wani kuma ya ce sababbin fitilun suna kamawa a dim, su mutu a ful. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da sanadin da ake iya aunawa, kuma mai koyon gyaran wayar mota da ya iya riƙe mita ba ya buƙatar canki-canka.

Lissafin da ake tsallakewa

Wutar ƙaramar mota volt 12 ce. Batir mai cikakken caji yana nuna kimanin volt 12.6 idan inji a kashe yake, in an tayar kuma altaneta ta ɗaga shi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Ƙarfin fitila ana rubuta shi da wat, yawan wutar da ke bi ta cikin waya kuwa da amfiya. Abin da ya haɗa su ukun lissafi ne na 'yan firamare: a raba wat da volt, a sami amfiya.

Ƙwan fitilar da ake kira H4, wanda ke gaban Hilux da yawa, yana da zare biyu a ciki, na ful mai wat 60 da na dim mai wat 55. Ƙwai biyu a ful wat 120 ke nan, wato amfiya 10. A kan wannan nauyin kamfani ya zaɓi kaurin waya da girman fiyus da ƙarfin makunnin da ke jikin sitiyari, ya bar ɗan rara kaɗan. Yanzu a ce an kawo fitilu biyu masu wat 100 kowacce, aka feɗe wayar ful aka murɗa su a kai. Wat 200 a raba da 12 ya ba da kusan amfiya 17. Hanyar da aka yi don amfiya 10 ta koma ɗaukar 27.

In an yi sa'a, fiyus ne zai ƙone. A nan ne kuma ake tafka ɓarnar da ta fi ta farko, domin yaron gareji zai zare mai 15 ya cusa mai 30, ko ya naɗe ƙafafun mataccen fiyus da silin waya ko takardar kwalin sigari. Fitila za ta kama, direba ya biya ya tafi. Amma fiyus ba don fitila aka sa shi ba, don waya aka sa shi: an yi shi ne ya narke kafin rigar wayar ta narke. Da zarar ya fi ƙarfin wayar, zafin sai ya koma kan soket da makunni da damin wayoyin da ke bayan dashbod, inda babu mai gani sai an ji ƙaurin roba. Launin fiyus mai ƙafa biyu yana faɗin girmansa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, fari 25, kore 30. Wanda ya buɗe akwatin fiyus ya tarar da kore a gurbin da murfin ya ce 10 ko 15, ya riga ya san wani ya rigaye shi zuwa wurin.

Rile da ƙafafunsa

Hanyar da ta dace ita ce sababbin fitilu su sha wutarsu kai tsaye daga batir, ta wayarsu, da fiyus ɗinsu, wayar kamfani kuma ba ta da aiki sai ba da umarni. Rile ne ke sa hakan ya yiwu. Aikinsa kamar na maigadi ne: ɗan hon kaɗan ake yi masa, shi ya buɗe babban get. A cikinsa akwai koyil da ke zama maganaɗisu idan wuta ta shige shi, sai ya jawo wani ɗan ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Koyil ɗin bai cin ko rubu'in amfiya, don haka wayar ful ba ta ma sanin an ɗora mata komai.

Lambobin da ke ƙarƙashin rile sun fito ne daga ƙa'idar Jamus mai suna DIN 72552, shi ya sa suke iri ɗaya ko na Bosch ne ko na wani kamfanin. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga batir, ta 87 ke miƙa ta ga fitilu, 85 da 86 kuma na koyil ne. A motar da aka yi wa waya ta hanyar da aka fi sabawa, 86 tana zuwa daga wayar ful ta ratsa wani ƙaramin makunni a dashbod, 85 kuma a ɗaure ta a jikin mota. Ga fitilun nan masu cin amfiya 17, fiyus mai 25 da waya mai kaurin 4 mm² sun wadatar. Fiyus ɗin kusa da kan batir ake sa shi, bai fi taƙi guda ba, saboda duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai kare shi in ya goge da ƙarfe.

Akwai ƙafa ta biyar a wasu rile, 87a, kuma ta sha kashe batir. Tana da wuta ne lokacin da rile yake a kashe. Wanda ya ɗora fitila ɗaya a 87, ɗayar a 87a, yana zaton tagwaye ne, zai ga fitilun suna karɓa-karɓa: wannan ta kama, waccan ta mutu, kuma ɗaya za ta ci gaba da ci bayan an zare makulli. Abin da ke ƙara ruɗani shi ne akwai rile mai ƙafa biyar da 87 ɗinsa biyu ne na gaskiya. Zanen da ke gefen rile shi ke raba gardama, duba shi kuma bai kai minti guda ba.

Dalilin da Toyota ke ruɗa masu gyara

Ga direban da ya ce fitilunsa suna kamawa a dim su mutu a ful, da wuya a ce rile ne ya lalace. Yawanci an haɗa komai daidai da zanen da ya zo cikin kwali, sai dai zanen ba na irin motarsa ba ne.

A yawancin motoci, ƙafa ɗaya daga cikin ukun ƙwan H4 tana ɗaure da jikin mota kullum, makunni kuma yana aika wutar fositif ga zaren dim ko na ful. Toyota ta daɗe tana yin akasin haka a Hilux da Land Cruiser da yawa, musamman tsofaffi. Da an kunna fitila, waccan ƙafar da zaren biyu suke tarayya a kanta, wato ƙafar tarayya, ita ce ke samun fositif, makunnin sitiyari kuma shi ke zaɓar zaren da zai haɗa da jikin mota. Wato a ɓangaren negetif ake yin kunnawa da kashewa.

A bi abin da ke faruwa idan aka jona 86 a wayar ful, aka ɗaure 85 a jiki. Mota tana dim, wayar ful a sake take, ba a haɗa ta da jiki ba. Wutar da ke ƙafar tarayya sai ta bi ta cikin zaren ful, ta fito ta wayar, ta shiga koyil, ta sauka a jiki. Ta yi ƙanƙantar da ba za ta haska zaren ba, amma ta ishi koyil, sai rile ya kama. Da direba ya ɗaga ful, makunni ya haɗa wayar da jiki, ƙafafun koyil biyu suka zama negetif, rile ya saki. Sakamakon shi ne mota mai kashe wa masu tahowa ido a cikin gari, ta kuma ƙi ba da haske a daji.

Gane irin motar ba ya buƙatar littafin kamfani. A bar ƙwan a soket ɗinsa, a ɗora baƙar wayar mita a ƙarfen mota, a riƙa taɓa ƙafafun uku ta bayan soket da jar wayar, a dim sannan a ful. Idan ƙafa ɗaya ba ta taɓa nuna komai ba, sauran biyun kuma suna karɓar volt 12 bi da bi, motar ta gama-gari ce. Idan kuwa a kowane hali ƙafa biyu ne ke nuna 12, ɗaya kaɗai ke faɗuwa kusa da sifili, to a negetif ake kunna ta. Ƙafar da ba ta taɓa faɗuwa ba ita ce ta tarayya, wadda ta faɗi lokacin ful kuma ita ce wayar ful. Gyaran waya biyu ne kawai: 86 ta koma ƙafar tarayya, 85 ta bar jikin mota ta koma wayar ful. Yanzu koyil ba zai ga bambancin wuta tsakanin ƙafafunsa ba sai an ɗaga ful.

Wannan tsarin ne ma ya sa murɗa manyan fitilu kai tsaye a irin waɗannan motoci yake cin makunnin sitiyari, domin wutar ƙwayayen ta cikinsa take bi ta koma jiki. Shi ne kuma dalilin da a wasu tsofaffin Toyota shuɗiyar alamar ful ta dashbod ke daina kamawa bayan an musanya ƙwan asali da na LED: ta cikin zaren dim take samun wutarta, ƙwan LED kuwa ba shi da zare. Sunan mota da shekararta ba hujja ba ne, tunda Hilux tun 1968 ake ƙera ta, an kuma sauya mata waya sau da yawa. Aunawa ce hujja.

Idan fitilun sun ƙi kamawa sam

Daga rile ake farawa, saboda shi ne tsakiyar hanya. A ɗora yatsa a kansa, wani ya ɗaga ful. In an ji "ƙas", ɓangaren umarni lafiya yake, sai a duba ko akwai wuta a 30, sannan a 87, sannan a bakin fitila. In ba a ji komai ba, a auna tsakanin 85 da 86, a bi baya zuwa ƙaramin makunni da inda aka jona. Gwaji mafi sauri shi ne a zare rile, a haɗa gurbin 30 da na 87 da guntuwar waya mai fiyus. Fitila ta kama, laifin na rile ne ko na umarni. Ta ƙi, yana babbar hanya.

Haske mai rauni

Wannan ce matsalar da ta fi cin lokacin masu koyo, saboda mita tana iya yaudara. A cire soket a auna, a ga volt 12 cif, a ce waya lafiya. Alhali ko sili ɗaya ne ya rage a wayar da ta kusa tsinkewa, zai nuna 12 muddin ba a ɗora masa nauyi ba. Don haka ana aunawa ne inji yana aiki, fitila a kunne. Jar wayar mita a kan batir na fositif, baƙar a bakin fitila inda wuta ke shiga: abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta zube a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin volt ba. Sai a sake aunawa daga negetif ɗin fitila zuwa negetif ɗin batir, inda ake so kada ya wuce 0.2. In adadin ya yi yawa, a riƙa matso da wayar mita gaɓa-gaɓa, fiyus, rile, mahaɗa, har a kai inda ya faɗi. Sau da yawa hannu ma yana ganowa, domin wurin da wuta ke zuba ɗumi yake yi.

Rabin volt kamar ba komai ba ne, amma ƙwan halojin ba ya yafewa. In wutar da ke isa gare shi ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. Amfiya 17 a cikin wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5 mm² da tsawon mita huɗu tana zubar da kimanin volt 0.8, a mai 4 mm² kuwa kimanin 0.3 ne. Ga kuma wayar da ke yawo a kasuwa, mai kauri a ido da sauƙin kuɗi, wadda cikinta alminiyam ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Alminiyam bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe ba wajen ɗaukar wuta, kuma yana saurin karyewa a motar da ke shan gargada. Mai saye a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya kankare sili ɗaya da reza: in fari ya bayyana, ya ajiye ta. Araha ba ta ado.

Laifin da ya fi yawa dai yana wajen komawar wuta. Akori-kura gida ne da aka ɗora a kan shasi, da robobi a tsakaninsu, bamba da ƙarfen baya kuma an shafe su da fenti an ɗaure da notin da tsatsa ta ci. Wanda ya maƙala negetif ɗin fitila a notin bamba ya dogara ne ga sa'a. Idan wuta ta rasa hanyar komawa takan nemi wata, shi ya sa ake ganin abubuwan mamaki: zaren dim da na ful suna ja-ja tare, ko sigina tana lumshewa in an kunna fitila. Maganin shi ne a kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure tam, a shafa giris a kai, ko kuma a ja wayar negetif mai kauri ɗaya da ta fositif har zuwa batir.

Sababbin motoci

Akori-kurar da aka ƙera a shekarun nan kwamfuta ce ke kunna mata fitila. Wasu ba sa ba ƙwai wuta a miƙe, suna datsa ta ne da sauri-sauri don rage ko daidaita haske. Ƙwai ba ya damuwa da hakan, amma rile sai ya kama kaɗawa yana ƙara kamar ƙudan zuma. Wasu kuma suna lura da yawan wutar da ke fita, in ta sauya su kunna alamar gargaɗi ko su yanke layin. A cikin damin akwai wayoyi biyu sirara da aka murɗe tare, na tsarin CAN da Bosch ya fito da shi a 1986, waɗanda kwamfutocin motar ke magana ta cikinsu. Soka musu fitilar gwaji mai ƙwai na iya jawo asarar da ta ninka kuɗin fitilun sau da yawa. A irin waɗannan motoci mita ake amfani da ita, kuma ya fi kyau a nemi mahaɗar da aka yi don motar, wadda ake sakawa tsakanin soket da fitila ba tare da yanka komai ba. Rilen da aka sa wa diyod don kare kwamfuta shi kuma yana da gaba da baya: 86 fositif, 85 negetif, in an juya su fiyus ko diyod ɗin ya tafi nan take.

Sandar LED tana cin wuta ƙasa da halojin mai haske irin nata, sai dai wat ɗin da ake bugawa a kwalin masu araha sau da yawa ya fi na gaskiya, don haka da mita mai baki irin na filaya ake sanin abin da take ci. Masu arahar nan ne kuma ke sa rediyo shuuu da zarar an kunna su, abin da direban da ke sauraren labaran dare ba zai yafe wa mai gyara ba.

Saura altaneta. A kunna komai, fitilu da fanka da rediyo, a ɗan taka totur, a auna kan batir. In ya tsaya sama da volt 13.5, tana iyawa. In ya sauko ƙasa da 13, batir ne ke cike giɓin, kuma wata rana motar za ta ƙi tashi bayan doguwar tafiyar dare.

Wajen aikin hannu, kan batir na negetif ake fara cirewa, a tuɓe zobe da agogo. Wayar da za ta ratsa ƙarfe zuwa cikin mota a sa mata zoben roba, a nisanta ta da salansa, a ɗaure rile ƙafafunsa suna kallon ƙasa don kada ruwan damina ya kwanta a ciki. Gilashin ƙwan halojin ba a taɓa shi da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

Jona umarnin a wayar ful ba don sauƙin aiki kaɗai ba ne. A Turai da Ostareliya doka ce fitilun hangen nesa su mutu da zarar an sauke zuwa dim, kuma a Najeriya laifin fitila yana cikin jerin laifuffukan da hukumar FRSC, wadda aka kafa a 1988, ke cin tara a kai. Direban da sai ya laluba wani makunni daban kafin ya kashe sandarsa ya riga ya makantar da mai babur ɗin da ke tahowa. A lokacin hunturu ma sandar sama ba ta da amfani, domin hazo yana dawo da hasken cikin idon mai tuƙi. Fitilar hazo ƙasa-ƙasa ake ɗaura ta, kuma da dim take aiki, saboda haka rilenta da makunninta daban ne.

Aikin aji

Wani mai Hilux yana son fitilu huɗu masu wat 55 kowacce, daga batir zuwa fitila mafi nisa kuma mita uku ne. Kowane ɗalibi ya lissafa amfiyar da za su ci, ya zaɓi fiyus da kaurin waya, ya zana haɗin sau biyu: ɗaya na motar gama-gari, ɗaya na mai kunnawa a negetif. Bayan haka a rabu uku-uku a fita wajen mota ta gaske, a auna ƙafafun soket a dim da ful, a rubuta abin da mita ta nuna a kowace ƙafa, sannan kowace ƙungiya ta faɗi inda za ta jona 85 da 86 da dalilinta.